Gaisuwar Yaya

Duk wanda ya san yayata ya san yadda take gaida yaro. Ba ta tsayawa a kansa kamar sauran manya. Sai ta ajiye jaka, ta durƙusa a kan gwiwar nan tata mai ciwo, ta kama hannayensa biyu tana fara'a. "Kai, wannan ƙato haka? Mu ga ƙarfin naka." Ta tura hannun rigarsa sama kamar mai neman ƙwanji, ta juya damtsen, ta shafa kansa yatsanta ya ɗan lanƙwasa kunne, ta ɗaga haɓarsa ta ce ya yi mata dariya. Kafin uwar yaron ta gama sannu da zuwa, Yaya ta ga cikin hannu, ta ga bayan kunne, ta ga wuya da leɓe. Iyaye kuwa daɗi suke ji, wai matar nan akwai son yara.

Son yaran akwai shi, amma wannan gaisuwar ta aiki ce. Yaya ma'aikaciyar gwamnati ce a sashen kare yara. Ita ake turawa gida idan malamar makaranta ko likita ko maƙwabci ya kai ƙarar cewa ana cutar da wani yaro. Shekara ashirin da wani abu ke nan tana yi, ni kuwa ƙanwarta, ina shagon ɗinkina ina kallon aikin yana cin ta kamar gara.

Na sha kai mata ɗinki ofis. Ɗaki ne a ƙarshen baranda, tebura sun fi ma'aikata yawa, domin duk wadda aka ɗauka ba ta daɗewa. A kusurwa akwai kwalin kayan wasa, 'yar tsana mai hannu ɗaya da mota marar taya. Bencin waje ba ya rabo da mai jira, ko uwa mai kuka ko uba mai huci. Motar ofis ta daɗe da mutuwa a ƙarƙashin bishiya, don haka motar haya Yaya take bi, ta ƙarasa da ƙafa. An zage ta, an watsa mata ruwan wanke-wanke, an taɓa sakar mata kare. In ta ɗauke yaro a ce ta raba ɗa da uwa. In ta bar shi wani abu ya faru, a ce tana ina.

Na faɗa mata har bakina ya gaji: "Yaya, ki nemi canji mana, a kai ki inda ake buga hatimi a tashi."

Sai ta cire takalmi, ta murza ƙafa, ta ce, "To in na tafi, wa zai je?"

Har yau ina jin haushin wannan amsar.

'Yarta ɗaya ce, shi ya sa muke ce mata Tilo. Mahaifin Tilo ya rasu tana ƙarama, rabin kuruciyarta a shagona ta yi, tana tsince ƙyalle tana jiran uwar da ta tafi ceton 'ya'yan wasu. A wancan lokacin, in an kawo sababbin ma'aikata, Yaya kan kira su gida ranar hutu ta koya musu gaisuwar. Da wa za a gwada? Sai ta ƙwala kira, "Tilo, zo ki tsaya nan." Yarinyar ta tsaya tsakar falo, baƙi suna bi da bi suna juya mata hannu suna leƙa bayan kunnenta, uwar tana gyara musu. Dariya muka riƙa yi a lokacin, har da ni.

Tilo ta girma, ta auri wani malamin makaranta, bawan Allah wanda ko kaza ba ya iya yi wa tsawa. Suka haifi namiji. Yaya ta ce ta yi sabon miji, ta sa masa Ango, sunan ya bi shi. In ta gan shi gajiyarta warwarewa take yi. "Ango, ina cefanena? Wane irin miji ne kai, kullum hannu rabbana?" Yana ƙyalƙyala dariya tana durƙusawa, tana kama hannayen nan biyu. Na lura Tilo takan kau da kai, amma ban kawo komai a raina ba.

Wata ranar hutu da rana ni da Yaya muka je gidan Tilo. Ango, wanda bai daɗe da shiga makarantar yara ba, ya rugo da gudu. Yaya ta tura hannun rigarsa, sai ga sawun yatsu a damtsensa, ya yi baƙi.

Tilo ta yi saurin cewa, "Jiya ya bi ƙwallo zai faɗa titi, babansa ya fizgo shi. Da ƙyar mai mota ya taka birki."

"Allah ya kiyaye gaba," in ji Yaya.

Tilo ta shiga kicin haɗa shayi. Ina zaune ina kallo, Yaya ta jawo yaron jikinta, muryarta ta sauka ta yi laushi. Ban taɓa jin wannan muryar a gida ba, ta ofis ce.

"Ango, faɗa mini, me ya sami hannunka?"

Ya ba ta labarin ƙwallo da mota, har yana kwaikwayon ƙarar birki.

"Baba yana yawan riƙe ka haka?"

Ƙarar kofuna muka ji. Tilo tana bakin ƙofa da faranti a hannu. Ta ajiye shi a hankali, ta ce wa yaron ya je ɗaki, sannan ta dubi uwarta.

"Mama, ba a cewa wa ya dake ka, sai a ce faɗa mini me ya faru. Kuma a jira sai uwar ta fita. Ko ba haka ba ne? A kaina kika koya wa mutane, kin manta?"

"Ba zargin kowa nake yi ba."

"To me ya sa kika jira na fita? Tun da aka haifi yaron nan ban taɓa ganin kin ɗauke shi ba sai kin duba shi tukuna. Na yi shiru, na ce sabo ne. Yau kuma mijina? Mutumin da tun jiya ko abinci ya kasa ci?" Ta nuna ƙofa. "Gidana ba wurin aikinki ba ne. In da jakar ofis za ki riƙa zuwa, ki bari kawai."

Yaya ta miƙe ta ɗauki jakarta. Muka fito shayin bai huce ba.

A hanya na sauke mata nawa kwandon masifar. "Wai ke wace irin mace ce? Jikanki ne fa! Surukinki kuma kin san halinsa sarai."

Ta ce, "Na sani. Amma duk wanda na taɓa karɓe yaro daga hannunsa, akwai wata tsohuwa da ta rantse mini ta san halinsa sarai."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi, Yaya kuwa saran ba ɗaya ba ne. Tausayinta ya kama ni, haushinta kuma bai sake ni ba.

Watanni suka wuce, Tilo ba ta zuwa, ba ta kawo Ango. Yaya ta ci gaba da shiga gidajen mutane, gida ɗaya ne kawai a garin ba ta da ikon shiga. Ta rame har na rage mata riguna. Wata rana na same ta zaune da motar wasa sabuwa fil a cinya, ta saya ba ta san ta hannun wa za ta aika ba. Nan na ce abin ya isa. Na yi ta zarya tsakaninsu, in lallashi wannan in yi wa waccan faɗa, har Tilo ta sauko.

"Inna, ta zo," ta ce da ni. "Amma ki faɗa mata, a matsayin kaka nake so ta zo. In ta taɓa masa hannun riga, shi ke nan."

Ranar da muka koma, Yaya ta zauna a gefen kujera kamar baƙuwa, ta sarƙe yatsunta a cinya. Surukinta ya gaishe ta da ladabi, ta amsa kanta a ƙasa. Sai ga Ango da gudu. Ya tsaya a gabanta yana jira. Ba ta durƙusa ba, ba ta miƙa hannu ba.

"Ango, ka ƙara tsawo," kawai ta ce.

Yaron ya dube ta, ya dubi uwarsa. Sai ya sa hannu ya naɗe hannun rigarsa da kansa, na dama, sannan na hagu. Ya miƙa mata hannayen a buɗe, ya karkata kai ya lanƙwasa kunnensa da yatsa.

"Kaka, ba ki gaishe ni ba."

Tilo ta toshe baki da tafin hannu. Yaya ta runtse ido gam, ta jawo shi ta rungume, ta laluba ta sauke masa hannun rigar. Sun daɗe a haka, har ya fara mutsu-mutsu yana tambayar ina tsarabarsa.

Da za mu tafi Tilo ta raka mu har titi, ta ce mu dawo mako mai zuwa. A motar haya na ce, "Kin gani ko? Ashe kina iyawa."

Yaya ta jingina kai da gilashi.

"Akwai ɗan jan tabo a gwiwar hannunsa ta hagu," ta ce. "Cizon sauro ne." Ta share ido da bakin mayafi. "Na rufe idon fa. Kafin in rufe na riga na gani."