Lafiya Ƙalau ta Minti Goma

Shekara huɗu Babakura ya yi a jami'a yana karanta adabin Ingilishi, ban da na yajin aiki. Littattafan da ya haddace, in aka ɗora wa jaki sai ya nemi mataimaki. Mahaifiyarsa, Ya Aisa, ta taɓa tambayarsa me ake koya musu. Ya ce gano abin da marubuci yake nufi amma bai faɗa ba. Ta ce a unguwarsu ta Bulabulin, gulma sunan wannan, kuma kyauta ake koyonta.

Ya gama, ya shekara biyar a gindin dalbejiya yana jiran aiki, har bencin ya ɗauki siffarsa. Sai rikici ya koro mutanen ƙauyuka cikin gari, ƙungiyoyin agaji suka biyo su da fararen motoci. Wata ta ɗauke shi tafinta, gwajin wata ɗaya, bisa doka guda: abin da aka faɗa shi za ka juya, in ka ƙara ko tari ne ka kama hanyar gida.

A sati na uku suka shiga sansanin 'yan gudun hijira da wata Baturiya mai rubuta waɗanda za a ba katin abinci. Suka iso kan Ba Ya'akubu, wato Baba Ya'akubu, dattijo daga Bama mai jikoki bakwai. Hularsa wankakkiya tas. Murhunsa kuwa ko tokar magani babu.

"Tambaye shi yaya suke," in ji Baturiya.

Dattijo ya amsa da Kanuri, "Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi."

To, Babarbare mai furfura ba ya ambatar yunwa gaban baƙo, balle baƙuwa, ko da hanjinsa na kiran sallah. Babakura ya san haka. Ya tuna bencin nan, ya dubi murhun, ya gyara murya.

Minti goma yana zuba Turanci. Ya kawo tafiyar ƙafa daga Bama, ya kawo tukunya a kife, ya kawo jikoki ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ba a haifa ba. Baturiya ta cika shafi, ta juya, ta nemi hankici.

Dattijo ya ja hannun rigarsa. "Ɗana, duk ni na faɗi wannan?"

"Gaisuwa ce, Ba. Tasu tana da tsawo."

Ashe Peter, shugaban aikin da ke tsaye a gefensu, a nan unguwar Bulumkutu ya girma, Kanuri a bakinsa kamar ruwa. Suna komawa mota ya ce, "Malam, kalma huɗu tsohon nan ya faɗa."

"Huɗu ne, Oga, amma masu nauyi."

Peter bai goge sunan dattijo ba. Aikin tafinta kuwa daga ranar ya hana Babakura, ya kai shi wani ɗaki mara taga, ya ɗora shi kan rubuta rahoton da ake aika wa masu ba da tallafi. Yana can har yanzu, ya yi tumbi.