Rabin Burodi a Cikin Hula

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin abin da hannuwana suka aikata in warware shi, kamar yadda tela ke warware ɗinkin da ya karkace, ba zan yi dogon tunani ba. Rabin burodi ne da na taɓa cusawa a cikin hula. Na san mai karatu zai yi dariya, ni ma da wani ne ya ba ni labarin da na yi. Amma saboda wannan rabin burodi hannun hagun ɗana na fari bai ƙara miƙewa sosai ba har yau, ga shi shi ma furfura ta fara fito masa.

Ni mutumin ƙasar Gwaram ne. Da damina ina noma gero da dawa da 'yar gyaɗa, da rani kuma ina wankin hula a bakin kasuwa. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne sai ajin yaƙi da jahilci, inda na koyi wannan rubutun da kuke gani. Kuma ni gajere ne. Ba na ɓoye wannan yanzu, amma a da na ɓoye shi iya ƙarfina. Mai wankin hula ya san yadda ake jiƙa ta da ruwan ƙaro, a ɗora ta kan kututture, a buga, a shanya har ta tsaya ƙyam. Tawa ta fi ta kowa tsayi a garinmu. Wani taubashina yakan ce idan aka cire hulata sai a neme ni da fitila.

Sai na faɗi irin tunanin da muka taso da shi, ba don in wanke kaina ba. A wurinmu, duk wani awo da aka zo da shi daga sama abu ne da mai wayo ke zagayewa. In masu ƙidayar shanu sun doso, maƙwabtanmu makiyaya su kora rabin garke daji. In za a kai gyaɗa sikeli, akwai masu yayyafa mata ruwa. In an zo ɗaukar yara makaranta, akan ce yaro ya ɗora hannu ta kan kansa ya taɓa kunne, to wanda ba ya so a ɗauki ɗansa sai ya koya masa ya noƙe kafaɗa. Ban taɓa ganin awon da aka yi don amfanin wanda ake aunawa ba. Ko kuma na gani ban gane ba.

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, rediyo da babur da burodi suka cika ko'ina, wasu mutane suka kawo injunan wasan yara wani fili a Birnin Kudu, a bikin ƙaramar Salla. Direban motar kasuwa ne ya kawo mana labari, ya ce akwai lilon da ke tashi da mutum sama kamar shirwa ta ɗauki ɗan tsako. Yarona yana da shekara bakwai a lokacin. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na wasa da shi a gaban mutane, kamar yadda muka ga iyayenmu na yi. Amma a ɓoye ina ji da shi. Na ce wa uwarsa zan je sayen ƙaro, zai raka ni ya riƙe mini jaka. Ta ce, "To Malam, a sayo mana burodi." Ta san ƙaro bai ƙare ba.

Mun isa da hantsi. Na fara sayen burodin don kada in manta, na sa a jaka. Filin ya cika maƙil. Akwai dawakan katako masu zagayawa a hankali, na ƙananan yara. Can gefe kuma ga babban lilon: dogon ƙarfe a tsakiya, kansa kamar lema, kujeru na mutum bibbiyu rataye da sarƙa. Kowace kujera tana da sandar ƙarfe a gaba da ake saukarwa a kan cinyar wanda ya zauna. In aka tada inji, sai lemar ta dinga juyawa, kujerun su buɗe su yi sama, yara na ihu.

A bakin shiga an kafa wani katako da jan layi a jikinsa. Mai tsaron wurin tsohon soja ne, kowa na ce masa Saje. Duk yaron da ya zo sai ya jingina shi da katakon. Da aka zo kan nawa, Saje ya ɗora tafin hannu a kansa, ya duba.

"Malam, bai kai ba."

"Haba Saje, yatsa uku ne fa."

"Ko ɗaya ne. Ka ga wancan ƙarfen? Shi ke riƙe mutum. In yaro bai cika kujera ba, ta ƙarƙashi zai sulale kamar tarwaɗa. Kai shi wurin dawakai, baɗi ka dawo da shi."

Ya faɗa mini dalili ƙarara, da Hausar da babu wanda ba zai gane ba. Yaron ma ya ja gefen rigata ya ce, "Baba, mu je dawakin." Da na bi shi, da wannan takarda ba ta da abin rubutawa. Sai wani dogon mutum a layi, wanda ban taɓa gani ba kuma ban sake gani ba, ya ɗaga murya.

"Saje, ai gado ne. Auna uban ma mu gani, amma a cire hula!"

Layi ya kwashe da dariya, har da mata. Na yi tawa dariyar ta yaƙe, na ja yaro muka fita. Daga wannan lokaci ba maganar lilo ake ba a zuciyata. Na ƙudurce sai ɗana ya wuce jan layin nan a gaban idon mutanen Birnin Kudu.

Na bar shi ya hau dawakai sau biyu, yana murna, ni kuwa idona na kan Saje. Da aka kira azahar ya tafi alwala, ya bar wani abokin aikinsa a ƙofa, mutum mai sanyin hali. Jama'a suka nufi salla, ni na nufi gindin wata ɗorawa. Na cire hulata na kifa wa yaron, ta faɗa masa har hanci. Sai na ciro burodin, na raba biyu, na danna rabi a cikin hular, na sake ɗora masa. Ta zauna daram. Ban taɓa yin aikin hula da na yi alfahari da shi kamar wannan ba.

"Baba, ba na Inna ba ne burodin?"

"Kai yaro, rufa mini baki. Miƙe wuya."

Muka koma, ni kai babu hula, abin da ban yi a bainar jama'a ba tun ina saurayi. Mai ƙofa ya jingina yaron da katako. Hula ta wuce jan layi har da rara. Mutumin ba wawa ba ne, ya kalli hular, ya kalli yaron, ya miƙa hannu zai danna ta.

"Subhanallahi!" na ce. "Ta kakansa ce, malami ne, akwai laya a ciki. In ka taɓa, babu ruwana."

Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Ya ce, "Yi haƙuri, Malam. Ya shiga."

Aka zaunar da shi kusa da wata yarinya da ta girme shi sosai, aka sauke ƙarfe. Na ga tazarar da ke tsakanin ƙarfen da cinyarsa, za a iya zura ƙwarya a wurin. Na gani da idona. Amma ni a lokacin dogon mutumin nan nake nema a cikin taro, don ya shaida.

Zagaye na farko yaron ya ɗaga mini hannu. Na biyu kujeru suka fara buɗewa. A na uku iska ta fizge hular, ta yi gefe guda, burodi ya yi nasa gefen, ya faɗo a gaban wata mai sayar da fura. Mutane suka yi dariya. Kafin dariyar ta ƙare sai na ga yaron yana raguwa a cikin kujera. Ƙafafunsa suka fito ta ƙasa, sannan cikinsa, har ƙarfen ya kai masa hammata. Yarinyar nan ta damƙi wuyan rigarsa da hannu ɗaya, ɗayan tana riƙe da sarƙa, tana ihu.

A ranar na fara kiran sunan ɗana a gaban mutane. Na kira shi ya fi sau goma, ina bin kujerar da gudu a ƙasa kamar kazar da aka ɗauke wa ɗa.

Saje ya taho a guje, babu takalmi, ruwan alwala na zuba daga gemunsa. Ya kashe inji. Amma irin wannan lilo ba ya tsayawa nan take, sai ya gama juyinsa. Yarinyar ta riƙe shi zagaye biyu cur. Sai rigar ta yage, sabuwar rigar Salla. Allah ya sa kujerun sun riga sun sauko sosai, kuma ƙasan yashi ne. Ya faɗi a kan hannunsa na hagu. Na ji ƙarar.

Saje ne ya ɗauke shi, ya ɗaure hannun da tsinken katako da ƙyallen rigar, ya sa aka tsayar da mota zuwa asibiti. Kafin mu shiga motar, abokin aikinsa ya raɗa masa abin da na ce. Saje ya je ya tsinto hular, ya karɓo burodin daga wurin mai fura, ya kakkaɓe yashi, ya miƙo mini su biyun.

"Malam, ga layarka."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Yarinyar kuwa ko sannu ban ce mata ba, ban san 'yar wane gida ba ce. In tana raye, yanzu ta yi jikoki. Allah ya saka mata.

A asibiti aka ce karayar a gwiwar hannu take, aka naɗe ta da filasta mai tauri. Muka kwana biyu. A hanyar komawa Gwaram na shirya abin da zan faɗa, na kuma koya wa yaron. Na ce wa uwarsa injin mutanen ne ya lalace, Allah ne ya yi da sauran kwana. Na faɗi haka a masallaci, na faɗa a kasuwa, har ina ƙarawa da cewa bai kamata a bar irin waɗannan mutane su dinga wasa da ran 'ya'yan jama'a ba. Ni ɗin nan. Yaron kuwa ya rufa mini asiri.

Kiyashi ne suka tona mini asiri. Na rataye hular a ƙusa ban wanke ba, mai wankin hula guda. Bayan kwana uku uwar yaron ta ga layinsu daga ƙasa har cikin hular. Ta sauke ta, ta duba, ta zo ta same ni a zaure.

"Malam, yaushe kiyashi suka fara cin hula? Kuma rabin burodi ka kawo mini, ban tambaya ba."

Na faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni nawa ya rage masa ya kai layin. Na ce yatsa uku. Ta ce, "Da ka bar shi, da tuwo ya cika masa su kafin baɗi." Ta juya ta shiga gida. Gaskiyarta kuwa. Yaron ya yi ta tsayi har ya wuce ni da hulata. Hannun ne kawai bai bi shi ba. Ya so aikin soja, aka duba hannun aka sallame shi. Ya zama malamin makaranta, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya.

Shekarun baya kaɗan na je wurinsa a Kano ganin likitan ido. Da yamma ya ce in raka shi da 'ya'yansa wurin wasan yara. A bakin wani lilo na ga katako da jan layi, kamar an ɗauko shi daga wancan filin. Ɗana ya cire wa 'ya'yansa huluna da takalma da kansa kafin ma'aikacin wurin ya ce komai. Autarsa ta gaza da yatsa biyu. Ta fara kumbura baki. Sai na ji wata murya tana cewa, "Haba, ai kaɗan ne ya rage." Muryata ce. Da furfurata, da sandata, da duk istigfarin da na yi.

Ɗana ya juyo ya kalle ni. Ya ɗaga wannan lanƙwasasshen hannu ya gyara zaman hularsa. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Baba, ko a sayo burodi?"

Muka yi dariya har na zauna a kan benci, idon da aka sa wa magani yana ta zubar da ruwa, ɗayan ma haka. Jikata ba ta san abin da ake wa dariya ba. Na kama hannunta muka tafi wurin dawakai, na tsaya a gefe har ta gaji don kanta.

Ina roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, in ka kai ɗanka irin wannan wuri aka ce bai kai ba, to bai kai ba. Cire masa hula, cire masa takalmi, bar mai awo ya yi aikinsa, ko da duk layin na yi maka dariya. Ni na saya wa ɗana yatsa uku na tsayi, shi ya biya da hannunsa. Don Allah kada wani ya sake wannan ciniki.