Auta, Ki Rufe Shago Ki Biyo Ni

Ina tsakiyar buga katin gayyatar wani aure kwamfutar ta yi wata 'yar ƙara, irin ta cokali in ya bugi kofin tangaran. Ban taɓa jin ta yi wannan kukan ba. Kafin in ɗaga yatsuna, wani ɗan akwati ya buɗe a tsakiyar allon, ya rufe sunan amarya. An yi rubutu a ciki, da Hausa: "Auta, ki rufe shago ki biyo ni. Ina jiranki."

Ban da ni, mutum ɗaya ne yake taɓa wannan kwamfutar, wato yayana. Shi kuwa mun binne shi a Kagoro tun masara ba ta nuna ba.

Shagon nasa ne, wani ɗan ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. A ƙarshen shekarun casa'in ke nan, lokacin da mutane kan tsaya a bakin ƙofa don kawai su ga na'urar. Da na gama sakandare ya ɗauko ni ya koya mini bugu. Muna buga katin aure, da aikin ɗalibai, da tsarin sujadar jana'iza. Amma shi Yaya ba bugun ne ya dame shi ba. Abin da yake so shi ne ƙananan furogiram da wasu mutane a can wata duniya suke rubutawa don nishaɗinsu, su sake su kyauta. Yana da aboki a Jos, wani malami Bafulatani da iyayensa suke kiwo wajen Gwantu, wanda ofishinsu yake da intanet ta layin tarho. In Yaya ya samu sarari sai ya hau mota ya tafi, su zauna suna sauko da waɗannan abubuwa, layi na yankewa suna sake farawa. Ya dawo da disket, ƙananan faya-fayan kwamfuta, cike da aljihun riga, yana murna kamar ya yi tsintuwa.

Ya sa agogo mai fuskar wata. Ya sa wani mai nuna sauran wurin da ya rage a cikin na'urar. Har wata 'yar tunkiya ya sa, tana yawo a gefen allo, ta gaji ta kwanta ta yi barci.

"Yaya, wannan tunkiyar me take ci?" na taɓa tambayarsa.

"Haƙurin kwastoma," ya ce. "Ke dai in akwati ya fito miki, ki danna oke ki ci gaba da aikinki. Kada ki tsaya kina zare ido kamar 'yar ƙauye."

Haka hannuna ya saba. Shi ya sa a ranar, tun kaina bai gama karanta rubutun ba, yatsana ya riga ya danna. Akwatin ya ɓace. Sunan amarya ya dawo.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. A gidanmu ko yaro ya san cewa in wanda ya mutu ya kira ka, a mafarki ne ko a hanyar rafi, ba ka amsawa. In ya miƙo maka abinci ba ka karɓa. In ka amsa, ka yarda ke nan za ka bi shi. Muna zuwa coci, muna karanta Littafi, amma wannan maganar ba wanda ya taɓa cire mana ita. Ni kuwa na amsa, da hannuna.

Ban san yadda na kulle shagon ba. Na hau acaɓa zuwa tashar mota, na shiga motar Kagoro, ko jakata ban ɗauka ba. Na sami Mama tana tankaɗe a tsakar gida. Da na faɗa mata, rariyar ta faɗi daga hannunta.

"Yesu na! Kin amsa?"

"Na danna, Mama."

"Ba danna na tambaye ki ba. Kin amsa ko ba ki amsa ba?"

Na ce na amsa. Ta zauna a ƙasa, ta kama ƙafata da hannu biyu kamar wani yana ja na ta ɗaya gefen. Da yarenmu ta yi ta yi wa Yaya magana, tana kallon ƙofar ɗakinsa. Ta ce masa ai shi kaɗai ya isa, ya bar mata wannan. Ta ce in kaɗaici ne ya dame shi, ga babansa can, ya neme shi.

Daga ranar ban sake fita ba. Mama ta hana kowa kirana daga waje. Mai son magana da ni sai ya zo ya tsaya a gabana in ga fuskarsa. Matan zumunta na cocinmu suka zo suka yi addu'a, suka yi waƙa, wata ta ce a fito da na'urar a ƙona. Abinci ya ƙi shiga. Zazzaɓi ya kama ni, kuma da zazzaɓi ciwon ajalin Yaya ya fara. Ina kwance ina sauraron jikina, duk inda ya motsa in ce to, ga shi nan ya zo. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan daɗi. Bai manta da ni ba.

Wani direban motar Jos da ya san Yaya shi ya kai labari. Ranar wata Asabar sai ga malamin nan, abokin Yaya, a ƙofar gidanmu, da hula a hannu. Ya durƙusa ya gaishe da Mama, ya sake yi mata ta'aziyya, sannan ya saurari labarin har ƙarshe. Bai yi dariya ba. Ya dubi Mama.

"Mama, ki ba ni aron ƙanwata zuwa shago. Ke ma ki zo, ki gani da idonki."

"Ɗana, kana so ka kai ta bakin abin?"

"Ni zan zauna a gabansa. In kira ne, ni zai fara samu."

Muka tafi mu uku. An ɗauke wuta, sai da ya roƙi mai walda na kusa ya ja mana waya daga janaretansa. Mama ta ƙi shiga, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da gefen zanena. Kwamfutar ta tashi. Tunkiyar ta fito tana yawonta kamar ba abin da ya faru.

Malam ya nuna wani ɗan hoton ƙararrawa a ƙasan allo, wanda kullum nake gani ban taɓa kula ba. Ya ce wannan ma furogiram ne, na tunatarwa, tare suka sauko da shi. Kana rubuta masa magana, ka zaɓi rana, ko wata nawa ne a gaba, sai ya riƙe. In ranar ta zo ya buga ƙararrawa ya nuna maka. Ya juyo ya ce wa Mama ta faɗi duk abin da take so.

Mama ta ce, "Ka ce masa gishiri ya ƙare."

Ya rubuta, ya sa lokaci kaɗan a gaba, ya naɗe hannuwansa a ƙirji don ta ga bai taɓa komai ba. Muka jira. Ƙarar nan ta cokali ta tashi, har na ja da baya na taka ƙafar Mama. Akwatin ya buɗe: "Gishiri ya ƙare." Na karanta mata. Ta sa aka sake, da wata maganar daban, aka sake.

"To me ya sa ya ce in biyo shi?" na tambaya. 

Malam ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga. Ya ce tun farkon shekara Yaya yake cewa in ranar haihuwata ta kusa zai kawo ni Jos, in zauna da kaina in sauko da furogiram ɗina na farko, in zaɓi wanda nake so. Shirinsa shi ne ya riga ni fita da safe kamar zai je sayen takarda, ya kama mana kujera a motar Jos, ya bar na'urar ta aiko ni tasha. A gaban Malam ya rubuta, wata rana da Malam ya zo shagon ba na nan, yana ta dariyar yadda zan buɗe baki.

Masallacin tasha ya fara kiran la'asar. Malam ya miƙe zai je alwala, sai ya tsaya a gabana, inda zan ga fuskarsa.

"Ƙanwata, yana da rai ya rubuta wannan. Ba wanda ya kira ki daga ko'ina. Babu abin da zai same ki, in Allah ya yarda."

Mama ta saki zanena. Ni kuma na zauna a kujerar Yaya na yi kukan da ko ranar jana'izarsa ban yi irinsa ba.