Hawan Ɗa'ifa Saboda Ɗan Fari

Unguwar Ruwais, biyar da rabi na asuba. Muna idar da salla Sale, maƙwabcina da ke tuƙi a Abhur, ya tsayar da mota. "Yalla, mu je, Baba Tanko! Wannan babbar riga, ɗaurin aure za mu?" Na ce likitoci zan gani, ni da har yau dangwale nake yi da yatsa.

Ga waɗanda ba su ji ba: ɗana na fari ya kwaɗa wa abokin aikinsa ƙarfe a sito, can tashar jiragen ruwa, wai muryoyi ne suka umarce shi. Mutumin ya rayu. Alƙali ya miƙa shi ga kwamitin likitocin ƙwaƙwalwa, suka ce ba ya cikin hayyacinsa lokacin. Maimakon kurkuku, aka kulle shi a asibiti a Ɗa'ifa. Yau za su duba ko akwai wanda zai tsaya masa in an sallame shi.

Shingen Shumaisi, shida da kwata. Aka duba iƙama, takardarmu ta zaman ƙasa, halas, muka wuce. A hawan dutsen Hada muka sha shayi da gurasa, birai na kallonmu. Ban iya cinyewa ba.

Ɗa'ifa, tara daidai. Ƙofa uku aka buɗe mana, kowace da mai gadi. Likitoci uku a tebur, yaron yana gefe, ya yi ƙiba saboda magani. Na kau da kai.

"Sunan majinyacin?" in ji babban likita.

Na ce, "Yaron nan."

Ya maimaita, na maimaita. Ya ajiye biro. "Ya ammi, dattijo, ba ka dube shi ba, ba ka faɗi sunansa ba. Ba ma ba da majinyaci ga gidan da ke fushi da shi."

Da Larabcina na kasuwa ta ina zan bayyana masa kunyar ɗan fari? Shekara talatin da huɗu bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Na juya na dube shi.

"Habibu."

Ya ɗago a hankali. "Na'am, Baba."

Aka yanke: wata biyu nan gaba, in alƙali ya amince, zai dawo hannuna, allura duk wata. Na dangwala.

Ruwais, bayan La'asar. Uwarsa na tsaye a ƙofa. "Ka gan shi?"

"Na gan shi. Har na kira shi."

Ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki. Alhamdu lillahi. Sale, Allah ya saka da alheri.