Gwaggona ta Jikin Fosta

Shekara goma sha tara Gwaggo, yayar babana, ta yi tana share ƙaramin asibitin unguwarmu. Ta san lungun da ƙura ke ɓuya, ta san bencin da ke yaga zane, ta san nas ɗin da ke zuwa aiki da fushin gida. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin wani babba ya tambayi sunanta ba. A ce "mai shara", ta amsa.

Sai gwamnati ta ɗaura ɗamarar yaƙi da sankarar bakin mahaifa: allurar rigakafi ga 'yan mata, gwaji ga matan da suka manyanta. Abu mai kyau, ban ce ba. Aka zaɓi asibitinmu don bikin ƙaddamarwa. Aka shafa fenti a bangon da ke kallon titi, na baya aka bar shi da Allah. Aka aro gadon gwaji da fitilarsa daga babban asibiti. Matan da aka gayyata suka zauna tun ƙarfe takwas, babban baƙo bai iso ba sai biyun rana, lokacin kowacce ta tafi ɗora tukunya. Shugaban asibiti ya waiga ya ga kujeru wayam, ya sake waigawa ya ga Gwaggo.

"Inna, ajiye tsintsiyar nan, zo ki zauna nan."

Aka zaunar da ita bakin gado, nas ta sa safar hannu, babban baƙo ya tsaya gefe yana gyara hula, mai hoto ya yi aikinsa. Aka tafa. Kafin Gwaggo ta gyara zama an naɗe gadon, an mayar da shi motar da ta kawo shi.

Bayan sati uku fuskarta ta cika gari. Jikin turakun lantarki, bayan motocin haya, har ƙofar gidan wanka. Ba ta iya karatu ba, ni na karanta mata abin da aka rubuta a ƙasa: "Ni na yi gwaji. Ke fa?"

Ta ce, "Haka suka ce na ce?"

Daga ranar Gwaggo ta zama likitar unguwa. Mata su tare ta a bakin famfo su ce, "Da zafi?" Ta ce, "Ko cizon sauro ya fi shi." Da aka fara raɗe-raɗin cewa allurar na hana haihuwa, ita ta bi gida-gida tana dukan ƙirji: "Ni da gwamnati ta duba, ba ga 'ya'yana shida ba?" Autanta a lokacin har ya fara gemu, amma babu wanda ya tsaya wannan lissafin. Iyaye suka riƙa turo 'ya'yansu mata. Abin da lasifika da motar yayatawa suka kasa, mai shara ta yi shi da silifas.

Wata takwas bayan bikin gwajin ya iso da gaske, duk ranar Laraba. Gwaggo ce mai shirya layi, ita ce mai lallashin masu tsoro. Ita kuwa ba ta taɓa shiga ɗakin ba sai da bokiti.

Shekara guda bayan bikin, ranar da na je gidanta taya ta wanki, na ga zanen da ta ɓoye a ƙasan kwando, da jini a jiki. Gwaggo ta daina al'ada tun ina firamare. Na ɗago zanen na nuna mata.

"Gwaggo, Laraba ki shiga layi."

"In shiga layi? Ni da na ce musu na yi? Su ce mai shara maƙaryaciya ce. To gobe wa zai kawo 'yarsa allura?"

Ashe ta taɓa gwadawa ta bayan fage. Ta samu shugaban asibiti a ofis, tana kame-kame, ya buɗe rajista ya nuna mata da biro: "Inna, ai ke ce lamba ɗaya. Sai bayan wasu shekaru kuma." Ta yi masa godiya, ta kwashe masa kwandon shara ta fito. Da ta ba ni labarin sai da na yi kukan takaici.

Larabar na kama hannunta kamar mai kai yaro makaranta. Matan layi suka yi caa: "A'a, Gwaggo, ke kuma?"

Ta ɗaga kai ta ce, "Maimai nake yi. Ba ku san ana maimaitawa ba?" Nan take mata biyu suka tambayi nas yaushe nasu maiman.

Sabuwar nas ce, ba ta ga bikin ba. Kowacce minti biyar take yi a ciki, Gwaggo ta fi rabin awa. Nas ta leƙo ta kira ni. Tana rubuta takardar tura mu babban asibiti, ta ja layi biyu ƙarƙashin "gaggawa", ba ta kalle ni ba.

"Inna, tun yaushe kike ganin jinin nan?"

Gwaggo ta lissafa da yatsu. "Wata goma sha huɗu."

Na lissafa ni ma. Wata biyu ke nan kafin bikin.

"To me ya hana ki faɗa wa wani?"

Gwaggo tana ɗaura zane ta ce, "'Yar nan, ai ranar da suka ce in zo in zauna, na ɗauka da gaske duba ni za su yi."