Nishiwaki Mai Gadin Takalma

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da misalin ƙarfe tara na safe, ina layin tasi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Kyoto ina goge gilashi, aka bugo mini waya daga ofis aka ce ka rasu. Nishiwaki Tomeo, kana da shekara sittin da takwas. An ce ka fito za ka wanke mota, ka cika bokiti, ka zauna a bakin ƙofa don ka ɗan huta, shi ke nan ba ka sake tashi ba. Ko kwana ɗaya ba ka yi a asibiti ba. Na ajiye wayar, abin da ya fara zuwa raina shi ne, ka ji mutumin nan, ko a mutuwa sai da ya samo hanyar da babu cunkoso. Sai bayan nan na zauna cikin mota na rufe ƙofa.

Abokan aikinmu sun ce ni, Kamei, zan rubuta maka wannan ta'aziyya, tun da a wata ɗaya aka ɗauke mu aiki shekara talatin da ɗaya da suka wuce, kuma ni ne mai alƙalami a cikinsu. Sun ɗauka aminai ne mu. Kai ma wataƙila haka ka ɗauka, don ba ka da wayon zargin mutane. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tome, na yi maka hassada kusan duk tsawon zamanmu, kuma ban tabbata na daina ba.

Aikinmu ɗaya ne. A ɗauki baƙo da safe a tasha, a zaga da shi haikalai da lambuna da tsoffin unguwanni, a maido shi da yamma. Ni na ɗauki aikin nan da muhimmanci. Na karanta littattafai har idona ya nemi tabarau. Na ci jarrabawar tarihin birni a mataki mafi girma, wadda kai ka faɗi har sau biyu kana dariya. Babu ƙofar haikalin da ban san shekarar da aka gina ta ba, da shekarar da ta ƙone, da wanda ya sake gina ta. Kai kuwa da kunnena na ji wani baƙo ya tambaye ka yaushe aka yi wata hasumiya, ka sosa ƙeya ka ce, "Ai ta daɗe." Na ji kunya a madadin kamfani gaba ɗaya.

Amma wa baƙi suke nema? In an bugo waya ofis, Nishiwaki. In sabuwar shekara ta zo, katunan gaisuwa naka a kwali ake kawo su, nawa kuwa aljihun riga ya ishe su. Sau da yawa ina tsaye a ofis sai in ji mai karɓar waya tana cewa, "Ayya, Nishiwaki ba shi da sarari ranar, ko za ku karɓi Kamei?" Ni ke nan, Tome. Shekara talatin ina zaman "ko za ku karɓi".

Zan faɗi alherinka, don shi aka sa ni in faɗa, kuma gaskiya ne ko da yana yi mini ɗaci. A but ɗin motarka akwai kwalin sababbin safa, na maza da na mata. Na taɓa ganin wani babban mutum da ya zo da ma'aikatansa, aka iso inda ake tuɓe takalmi, ya tsaya yana kame-kame don safarsa ta huje. Kai ka lura kafin kowa. Ka ce masa ya manta wani abu a mota, ka ja shi bayan ƙofa, ya dawo da sabuwar safa da mutuncinsa. Na ga wasu ango da amarya da sabon takalmi ya ci wa amaryar dunduniya, ka soke musu rabin yawon, ka sa su a kwalekwale a kogin da ke Arashiyama, suka koma gida suna cewa ba su taɓa ganin direba mai tsari irinka ba. Lokacin da aka yi wa matata aiki, kwana goma kana kawo mini abinci asibiti a ƙulle cikin ƙyalle. Na ci, na gode, kuma na ji haushin cewa har shinkafar gidanku ta fi tamu daɗi.

Sai kuma ɗabi'arka da kowa ya sani. Duk haikalin da baƙinka suka tuɓe takalma suka shiga, ba ka binsu nan take. Sai ka durƙusa da farar safar hannunka, ka ɗauki takalman ɗaya bayan ɗaya, ka juya su su fuskanci waje, ka jera. Kowa a garin nan an koya masa haka tun yana yaro, amma kai kana daɗewa a kai kamar mai karatu. Ni nake wucewa gaba da baƙina ina nuna musu rufin gini. Ni na laƙaba maka Mai Gadin Takalma don direbobi su yi dariya, suka yi, sunan ya bi ka. Kai kuma ka karɓe shi hannu biyu, har baƙi suka riƙa rubuta shi a bayan ambulan. Hassada ga mai rabo taki ce, ni na gani da idona, don ni na yi ta zuba takin.

Duk wannan da na haɗiye shi, ba don Mizuno-san ba.

Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, daga Niigata take zuwa ita kaɗai kowane ƙarshen Nuwamba, lokacin da ganyen bishiyar momiji ke yin ja. Baƙuwata ce. Shekara uku a jere ni nake ɗaukarta. Tana da ɗan littafi da take rubuta duk abin da na faɗa, kuma ita kaɗai ce take kirana Malam ba da zolaya ba. Kowace shekara nakan kai ta haikalin nan na kan dutse a arewa maso yamma, mai matakala fiye da ɗari uku, don nan ne ja ya fi ja, nan ne kuma tarihi ya fi yawa. A shekara ta huɗu zuwanta ya zo daidai da aikin da aka yi wa matata a asibiti, na roƙe ka ka riƙe mini ita kwana ɗaya tak. Da shekara ta zagayo, aka ce mini ta bugo ta nemi Nishiwaki. Haka aka yi ta yi har shekara goma sha tara.

Sau ɗaya na tare ka da maganar, a shagon taliyar da ke bayan tasha.

Na ce, "Tome, tsakaninka da Allah, me ka gaya wa matar nan a kaina?"

Ka ce, "Haba Farfesa, ni me na sani da zan gaya wa malamar makaranta?"

"To ina ka kai ta?"

"Wani ɗan lambu nan ƙasa. Ta zauna a baranda awa biyu tana kallon bishiya ɗaya."

"Bishiya ɗaya! Mace ta taso tun daga Niigata, ka nuna mata bishiya ɗaya?"

Ka ce, "Ci taliyarka kafin ta kumbura. Kai dai ka riƙa kallon ƙasa wani lokaci, Farfesa. Rufin ba inda za shi."

Na ɗauka baƙar magana ce, wai in rage girman kai. Wata biyu ban zauna teburi ɗaya da kai ba. Kowace Nuwamba in na hango ta tana shiga motarka, sai in sunkuya kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin kujera. Abu ɗaya nake son sani a duniya, me kake da shi wanda ba ni da shi, kuma da na ji rasuwarka na ce shi ke nan, ka tafi da amsar.

Ranar Juma'a aka yi jana'izarka a ƙaramin haikalin unguwarku ta Nishijin. Na zo da niyyar zama a sahun gaba, kamar yadda ya dace da tsohon abokin aiki. Ban samu na shiga ba. Mutane sun zo daga Hokkaido, daga Kyushu, daga garuruwan da ban taɓa ɗaukar baƙo daga cikinsu ba. Kantar ajiye takalma ta cika, sauran suka zube a kan duwatsun bakin ƙofa, wani kan wani, wannan ya dubi gabas wancan ya dubi yamma. Matarka Sachie ta fito tarbar baƙi, ta tsaya tana kallonsu, sai ta ce a hankali, ba ma da ni take ba, "Da yana nan da ba zai iya kallon wannan ba."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ana can ciki ana karatu, ƙamshin turare yana fitowa, ni ina waje ina juya takalman mutane. Kuma kada ka ɗauka zuciyata ta yi fari, don ƙirga su na yi ta yi. Ƙafa ɗari biyu da arba'in da shida. Na ce ranar tawa in an sami ashirin an yi ƙoƙari. Amma ina cikin juyawa sai na fara ganin abin da kake gani. Wannan dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya. Wannan an take bayansa don ƙafar mai shi tana kumbura. Wannan sabo ne fil, yau zai ciji mai shi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to baƙin ƙasar nan fuskarsu murmushi kawai take yi, shi ya sa kai takalmi kake tambaya.

Can wajen ƙarshe na ɗauki wasu baƙaƙen takalma na mace. Na hagu ya fi na dama nauyi. Na juya shi, na ga tafinsa ya fi ɗan'uwansa kauri da kamar yatsa biyu. Ina riƙe da shi aka fara fitowa, wata tsohuwa mai sanda ta tsaya a kaina. Mizuno-san ce.

Ta ce, "A'a, Malam Kamei. Kai ne a ƙasa?"

Na ce, "Naki ne wannan?"

"Nawa ne. Tun ina yarinya ƙafar hagun ta fi ɗayar gajarta."

"Har lokacin da nake hawa da ke dutsen nan?"

Ta yi ɗan murmushi. "Kowace shekara in na koma gida sai na kwana uku ban taka ƙasa ba."

Na ce, "Don Allah me ya hana ki faɗa?"

"Haba Malam. Mutum yana gaba yana ta ƙoƙari, yana zuba ilmi, sai in ce masa ƙafata? Ai da kunya. Kuma bayanka kawai nake gani." Ta dubi ƙofar haikalin. "Shi ma ban gaya masa ba. Ranar farko, a haikalin farko, ya juya takalmana, bai ce komai ba. Da muka koma mota sai ya ce wai gwiwarsa ke ciwo, ko zan yi haƙuri mu bar dutsen nan sai wata shekara. Shekara goma sha tara gwiwar nan ba ta warke ba."

Tome, kai da kake hawa dutsen Atago kowace bazara, ka sauko ka kama aiki washegari! Ashe amsar da na nema shekara goma sha tara tana nan a bakin ƙofa, na tsallake ta sau uku ina kallon rufi. Kuma ka san ta ranar da muke cin taliya, ka ƙi faɗa, don sirrin ƙafar baƙuwa ba naka ba ne da za ka bayar. Ka gwammace in yi ta jin haushinka. Wannan ma na yi maka hassadarsa, don ni da na sani da ban iya yin shiru ba.

Na ajiye mata takalman, ta dafa kafaɗata ta sa. Sannan ta ce, "Na riga na kama ranar ashirin da biyar ga Nuwamba tun bara. Jiya ofishinku suka ce ko zan karɓi Kamei. Na ce zan yi tunani."

Ta dube ni, ina nan durƙushe a gabanta.

Ta ce, "Yaya gwiwarka?"

Awa ɗaya da rabi na yi durƙushe a kan duwatsun bakin ƙofa, ga shekara sittin da bakwai. Na ce, "Ciwo take yi."

Ta ce, "To madalla. Ka tare ni a tasha, jirgina zai iso ƙarfe goma da kwata."

Sachie-san, ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da 'yarku Noriko da maigidanta, da jikoki. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya sa albarka a abin da ya bari. Kwalin safar da kika aiko mini yana but ɗin motata, na kuma gode da kika gaya mini inda lambun nan yake. Ina ta'aziyya ga direbobin layinmu, da baƙin da za su bugo waya a kakar bana su nemi mutumin da babu shi.

Kai kuma Tome, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Allah ya sa hanyar da ka kama ta zama shimfiɗaɗɗiya babu matakala, kamar yadda ka yi ta nema wa mutane. Ka yafe mini sunan da na sa maka, da zaman da na yi kusa da kai da baƙin ciki a zuci. Ka riga ni, kamar yadda ka saba. In tawa ta zo na iso inda kake, ina roƙonka abu ɗaya: kada ka taɓa takalmana. Na san za ka duba tafinsu, kuma na san abin da za ka gani.