Ba Na Shan Kunu da Rana

Na haura arba'in kafin na fara riƙe biro. Ina da jikoki biyu, amma sau uku a mako sai na hau mashin ɗin haya daga Kahu zuwa Kibiya, na zauna a bencin makarantar yaƙi da jahilci. Masu dariya sun yi har sun gaji. Duk wadda ta ce min "tsohuwa da jakar makaranta" sai na ce ta karanta min takardar maganin hawan jininta.

A shekara ta uku malamarmu, wadda a haife na haife ta, ta ce kowa ta rubuta maƙala a kan abin da ya dame ta. Wadda ta yi kyau za ta aika wani filin rediyo da ake karanta rubutun masu sauraro. Ban yi dogon tunani ba. Famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu ya mutu tun kafin kaka, mun koma tafki, mu da shanu.

A lokacin na ɗauka takarda tana da nata yaren, irin na masu karanta labarai. Sai na gyara zama na rubuta: "Al'ummar wannan yanki na fuskantar ƙalubalen ƙarancin tsaftataccen ruwan sha, lamarin da ya zama abin takaici matuƙa." Shafi guda cur a haka. Na miƙa ina hura hanci.

Malama ta karanta layi uku ta yi hamma.

"Inna, wa ya rubuta wannan?"

"Aljani. Ba hannuna kike gani ba?"

"Hannunki ne, amma ba bakinki ba ne. Ke da kika siffanta min mai kifin kasuwar Rano har na ji ƙarni a cikin aji? Nan ban ga ruwa ba, ban ga tafki ba. Yaya ruwan yake?"

"Ba shi da kyau."

"Wane irin rashin kyau?"

Ta ishe ni, sai bakina ya ɓalle. Na ce ja ne jawur, da kauri kirtif. Na ce in ka tace da kallabi, kallabin ne yake shan wahala. In ya kwana a randa, da safe sai ka kwashe laka kamar mai shirin yaɓen ɗaki. Ga warin fitsarin shanu, ga 'yan ƙwari suna iyo abinsu kamar gidan ubansu.

"To me ya hana ki rubuta haka?"

"A sa jawur a takarda? Ai wannan maganar tsakar gida ce."

"Tsakar gidan nake so," in ji ta.

Da na ga tana dariya, sai na ba ta labarin da nake ɓoyewa. Surukata, uwar mijin 'yata, ta zo daga Rurum Tsohon Gari. Hajiya ce mai farin mayafi da ƙamshin turare. Baƙo kuwa ruwa ake fara ba shi kafin gaisuwa ta yi nisa. Na ɗauko kwanon shan da nake ji da shi, na ɗebo na sama-sama, na durƙusa na miƙa. Ta ɗaga murfi ta leƙa, ta mayar a hankali, ta ce, "Allah ya amfana, ba na shan kunu da rana. Ruwa dai za ki ba ni."

Da ƙasa ta tsage a ranar, da na shige.

Malama ta buga tebur. "Da wannan za ki fara!"

"Ki tona min asiri a rediyo? Hajiya ba ta rabuwa da rediyo."

"To ki zaɓa, Inna. Ko ki rufa asiri, ko ki sha ruwa."

Na koma gida na sake rubutawa, kuma da yake ba na yin abu rabi, sai na wuce gona da iri. Komai na gani sai na siffanta: hanya caɓa-caɓa, jaki mai kunne ɗaya, har tumbin mai unguwa ya sami layi biyu. Malama ta sa jan biro ta soke.

"Tumbin mai unguwa me ya yi wa famfo?"

"Shi ma kullum ina ganinsa."

"Abin da zai sa mai sauraro ya ji ƙishirwa shi za ki bari. Sauran ki ajiye wa kanki."

Na bar jawur, na bar kirtif, na bar Hajiya da kwanonta, sunanta kawai na ɓoye.

Ranar da aka karanta muna sussukar gero a tsakar gida. Mai karantawa ya zo kan kunu sai dariya ta sarƙe shi, ya tsaya ya sake komawa farko. Wani ɗan garinmu da ke sayar da yadi a Kano ya ji a shagonsa, maƙwabtansa suka sa shi a gaba da tsiya, wai ɗan garin masu wanka da kunu. Bai iya jurewa ba. Kafin mako biyu ya turo mai gyara da sababbin bututu.

Hajiya ma ta ji, kamar yadda na faɗa. Ba ta aiko ba, ba ta kira ba, ni kuma na ƙi tambayar 'yata. Sai ga ta ranar sunan jikanmu. Na durƙusa na miƙa mata kwanon nan dai. Ta buɗe, ruwa garau, har zanen gindin kwanon ake gani. Ta shanye tas, ta goge baki da gefen mayafi.

"Marubuciya," in ji ta, "yau babu kunun? Ni da na taho da cokalina."